Yadda ake tsara akwatin sifikar mota da yadda ake yanka masa kuɗi

Kwanakin baya wani matashi ya shigo shago da Corolla ɗinsa ransa a ɓace, wai ya zuba kuɗi ya sayi ufa, wato babbar sifikar nan mai bada nauyin sauti, mai inci 12 da amfilifaya amma in ya kunna sai kace ana dukan tsohuwar jarka. Nace buɗe but mu gani. Akwatin da aka buga masa filawud ne siriri irin na bayan wadrof, an haɗa da ƙusa ba gam, an fasa rami a gefe an cusa guntun bututun ruwa da bai kai tsawon tafin hannu ba, sannan aka lulluɓe shi da kafet ja da baƙi harda ƴar fitila shuɗiya. Kafet ɗin kam yayi kyau, ba ƙarya. Na tambaye shi wa ya auna, yace kafintan unguwarsu ne ya kalla da ido yace wannan zai ɗauka. Toh ai ido ba mudu bane. Ufar nan lafiyarta ƙalau, ɗakin da aka sakata ne ba nata ba.

Abinda zaka fara sawa a ranka kenan in kana son shiga harkar nan, ita sifika ita ke faɗin girman akwatinta, ba kai ba, ba mai mota ba. Iskar dake kulle a bayanta kamar sifirin take, ita ke riƙe fatar sifikar tana dawo da ita mazauninta. In iskar tayi kaɗan sai sautin ya taƙure ya zama dum dum na wuri ɗaya, in tayi yawa fatar ta dinga lilo ba mai riƙeta har ta daki ƙasa ta yage.

Amma kafin ka taɓa zarto zauna da mai motar tukuna. Me yake ji a motar? Wannan tambayar ta sha hanani yin aikin banza. Akwai dattijon da yazo wai shima a sa masa "irin na yaran nan", da na bincika ashe karatu da tafsiri da labaran rediyo ne kawai abin jinsa, nace Alhaji kai ba ufa kake buƙata ba, sifikun ƙofa masu kyau zamu sa maka murya ta fito tas, ka bar but ɗinka ka dinga zuba kayanka. Wanda yake jin kiɗan gargajiya mai kalangu da ganga yana son dukan ya fito a tsaye ba jan jiki, shi rufaffen akwati ya fi masa. Ɗan amapiano da hip hop mai son a jiyo shi tun daga kwanar layi, shi mai bututu yake so. Ka kuma tambaya yana ɗaukar kaya a but? Yana tafiye-tafiye? Motar an maida ta CNG? Don tun da aka cire tallafin mai a 2023 motoci da yawa tukunyar gas ta cinye musu rabin but, kuma wurin tukunyar nan da bututanta ba wurin wasa da dirila bane, haka ƙasan but ko ƙarƙashin kujerar baya inda tankin mai yake, ka leƙa ƙasa ka gani da idonka kafin ka huda ko ina.

Sai awo. Faɗi tsakanin tudun tayoyi biyu, tsayi daga ƙasa zuwa rufin but, ka lura da ƙarafan murfi da suke shigowa ciki in an rufe, sai zurfin da mai motar ya yarda ya bari. Kuma dan Allah ka auna BAKIN but ɗin. Ni da kaina na taɓa yini guda ina haɗa akwati ma wata Accord, cikin but ɗin ya ɗauka harda rara, amma bakin ya ƙi, muka juya ta nan muka juya ta can ni da yarona gumi sharkaf mai motar na tsaye yana kallonmu, ƙarshe sai da na fasa na sake. Tun daga ranar sai na fara haɗa samfuri da kwali da salatif, in kwalin ya shiga ya fita lafiya sannan na yanka katako. Ka bar hanyar ciro safaya da jak kuma, kar mutum yayi faci a hanyar Zariya da daddare ya tarar sai ya kwance akwati.

Yanzu lissafi. Kowace sifikar kirki tana zuwa da takarda, in babu ka rubuta lambarta a intanet zaka samu. A takardar yawanci kamfanin ya riga ya rubuta lita nawa take so a rufaffe, lita nawa a mai bututu, in ka samu wannan toh bi shi kawai, sun fi ka sanin kayansu. Zaka ga wasu sun rubuta da ƙafa, wurin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk ƙafa ɗaya ne daidai yake da lita 28.3. Zaka kuma ga wasu haruffa, Fs da Qts da Vas da Xmax. Waɗannan awon wasu injiniyoyi biyu ne aka sa musu sunansu, Neville Thiele ɗan Ostireliya da ya fitar da nasa binciken a 1961 da Richard Small da ya ɗora a kai a farkon shekarun 1970, har yau da su duniya ke aiki. Fs shine amon da fatar ke rawa da kanta a kai, Vas yana nuna laushin ta da lita, Xmax iya nisan da zata iya fita da komawa lafiya, Qts kuma, wato awon yadda sifikar ke iya tsayar da rawar fatarta, shi nake fara dubawa. In ya gaza 0.4 sifikar tafi son mai bututu, daga 0.4 zuwa 0.7 rufaffe ya fi karɓarta, in ya haura 0.7 toh wannan tana son fili sosai, sa ta a ƙaramin akwati ɓata kuɗi ne.

Na rufaffe da sauƙi. Ka raba 0.707 da Qts, abinda ya fito ka ninka shi da kansa, ka cire 1, sai ka raba Vas da shi. Misali sifika mai Vas lita 60 da Qts 0.42, in ka raba 0.707 da 0.42 ka ninka da kansa zaka samu 2.83, cire 1 saura 1.83, raba 60 da shi ya baka kusan lita 33. Kaga ɗakinta kenan. Yawancin masu inci 12 na mota dama a nan suke yawo, lita 28 zuwa 35 a rufaffe, 50 zuwa 70 a mai bututu.

Inda kafintoci ke faɗawa rami shine su auna waje su ce shikenan. Litar da ake magana ta CIKI ce, kuma bayan an cire wurin da ita kanta sifikar ta cinye. Da MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, mai kauri mili 18, kowane awo ka cire santimita 3.6 saboda bango biyu ne. Akwati mai 45 da 38 da 28 a waje, cikinsa 41.4 da 34.4 da 24.4 ne, ninka su ukun ka raba da 1000 ya baka lita 34.7, cire kamar lita 2 zuwa 3 na maganaɗisu da ƙarfen sifikar, ka sauka a wajen 32, ya isa. In bayan akwatin a karkace zaka yi shi don ya kwanta da kujera, haɗa zurfin sama da na ƙasa ka raba biyu kayi lissafi da wannan.

Mai bututu shi ne mai rigima, kuma shi ne mutane suka fi so saboda da wuta ɗaya ya fi rufaffe ƙara. Bututun nan ba tagar shan iska bace kamar yadda wasu suka ɗauka. Ka taɓa hura bakin kwalba kaji tayi kuka? Abin kenan. Girman akwati da faɗin bututu da tsawonsa su ukun ne ke haɗuwa su bada amo ɗaya, in ka taɓa ɗaya sauran sun motsa. Don jin kiɗa na yau da kullum ana saita shi tsakanin 32 zuwa 36 Hz, wato awon amo. Wanda ya saita sama da 45 zai yi ƙara a waje kam, amma a cikin mota amo ɗaya zai dinga dukan kai har ya gunduri mutum.

Ga yadda ake fitar da tsawon bututu mai zagaye, komai da santimita da lita. Ninka faɗin cikin bututun da kansa, ninka da 23562.5, sai ka raba da litar akwati da aka ninka da amon aka sake ninkawa da amon, daga ƙarshe ka cire faɗin bututun sau 0.732. Mu gwada da bututun PVC mai inci 4 wanda cikinsa kusan santimita 10 ne, akwati lita 55, amo 35. Sama 2,356,250, ƙasa 55 sau 35 sau 35 wato 67,375, in ka raba kusan 35, cire 7.3, saura kusan santimita 28. Kaga guntun bututun yaron can mai Corolla ko rabin wannan bai kai ba. In lissafin hannu na baka ciwon kai akwai manhajar kwamfuta WinISD kyauta ce, ka zuba mata lambobin sifikar ta zana maka yadda sautin zai fita, ni dai duk da haka ina sake bi da kalkuleta.

Shi ma bututun yana cin wuri a ciki, wajen lita 2.5, ga sifika 3, ga katakon tokare 1.5, toh in kana neman 55 tsantsa sai ka gina 62. Akwati mai 75 da 38 da 29 a waje zai baka haka. Amma lura zurfin cikinsa 25.4 ne, bututu mai 28 ba zai shiga ta fuska ba, ta gefe zaka shigar dashi ya kwanta a tsawon akwatin, sifika ta koma ɗaya ɓarin. Bakinsa na ciki ya samu fili aƙalla faɗin bututun tsakaninsa da bangon da yake fuskanta. Bututu ɗaya mai inci 4 ya ishi matsakaiciyar wuta, amma in ufar mai ƙarfi ce zaka ji iska na fito fuu fuu a bakin kamar mai haki, maganinsa ƙara faɗi, sai dai faɗi na jan tsawo, in ka sa biyu kowanne sai ya haura santimita 60 kafin amon ya tsaya a 35. A nan ne ake komawa bututun katako mai lanƙwasa kamar harafin L da ke bin bangon akwatin. Ka goge bakinsa da sanfefa yayi sulɓi, kusurwa mai kaifi ita ke ƙara fito.

Akwai na uku da ake ɓoye sifikar gaba ɗaya a ciki sauti ya fito ta bututu kawai. Ban cika ba sabon shiga shawarar sa ba, kuskure kaɗan ya lalata shi, kuma ko sifikar na wahala a ciki ba zaka ji ba sai ta ƙone.

Katako, MDF mai mili 18 shi ne na aiki, in kana Kano ka leƙa Ƴan Katako na Na'ibawa, Kaduna kuma Panteka, fallensa ƙafa 4 da 8 ne kuma nauyinsa na kai wajen kilo 40 don haka kar ka ce zaka ɗauko a mashin. Ƙiyayyarsa da ruwa ce, yana jiƙa yake kumbura kamar burodi, in robar bakin but ɗin motar ta mutu damina na shiga toh a gyara ta tukuna, ko ka shafe akwatin da fenti ko ka nemi filawud mai kyau mai kauri ɗaya wanda ba rami a tsakiyarsa. Allon nan na dusar katako mai marmashewa kuwa kar ka soma. Ƙarfin haɗi a gam yake, sukuru riƙo kawai yake kafin gam ya bushe, ka shafa gam ɗin katako a wadace, ka fara huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura sukuru in ba haka ba bakin MDF tsagewa yake. Duk bangon da yayi faɗi ka tokare shi daga ciki, bangon da ke rawa sauti yake sata. In ufar mai nauyi ce ka ninka fuskar biyu, sai ka ƙara 1.8 a zurfin waje don kar ka ci litar ciki. Ka bi duk kusurwoyin ciki da silikon ka barshi ya kwana ya bushe kafin ka ɗaura sifika. Ka sa takunkumi in kana yanka, ƙurar MDF akwai sinadarin gam a cikinta, ba irin ƙurar katakon da ka saba bace.

Gwajin yoyo a rufaffe, danna fatar a hankali da yatsu ta kowane gefe ka saki, in ta dawo a hankali ya rufu, in ta dawo fit akwai inda iska ke fita.

Wanda baya son rasa but ɗinsa sai faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ya daskare, a zuba a ramin safaya ko kusurwar gefe ta ɗauki siffar wurin. Tunda wurin ba kusurwa huɗu bane ba zaka auna da tef ba, shimfiɗa leda mai kauri ka dinga zuba ruwa ko dusa da robar lita ɗaya kana ƙirgawa. Aikin faiba na cin kwanaki da wari da ƙaiƙayi, kuɗinsa daban ne, kar ka bari a haɗa maka shi da na katako.

Toh mu zo kan kuɗi, don a nan ne masu hannu da yawa ke aiki kamar jaki ƙarshen wata ba ko sisi. Kwastoma zai ce "haba oga, ai katako shida ne kawai zaka haɗa", kai kuma kaji kunya ka sallama. Kar ka faɗi kuɗi a tsaye a bakin mota. Ce masa ka bani zuwa yamma, ka zauna da biro.

Fara da katako. Akwatin can mai 75 da 38 da 29 in ka haɗa faɗin bangayensa shida mita murabba'i 1.2 ne, da ninkin fuska ya kai 1.5, falle guda kuma kusan 3 ne, kaga rabin falle kenan, amma ka caji kashi 60 cikin ɗari na kuɗin fallen saboda cin zarto da guntayen da ba zasu moru ba. Lambobin da zan sa yanzu na misali ne kawai don kaga tsarin, ka cire su ka sa farashin da ka tarar a kasuwa ranar. A ce falle dubu 30, naka 18,000. Gam da sukurori da silikon da sanfefa 6,000. Kafet da gam ɗinsa 10,000. Bututu da mahaɗar waya da guntuwar waya 5,000. Ya zama 39,000. Man janareta da kuɗin ɗauko kaya 5,000, don in ka dogara da wutar NEPA aikin yini zai zama na sati, ya zama 44,000. Sai kuɗin hannu, ka yanka wa awarka kuɗi, a ce 2,500, kuma ka ƙirga harda awar da kayi kana awo da lissafi ba ta zarto kaɗai ba, awa 8 dubu 20 kenan, jimla 64,000. Ɗora kashi 10 na shago, haya da haƙoran zarto da ke dakushewa da abincin yara, ya zama 70,400. Sannan riba kashi 20, ka tashi a wajen 85,000. Mutane da yawa kuɗin hannun suke ɗauka a matsayin riba, ba ɗaya bane, kuɗin hannu ladan guminka ne, riba ita zata saya maka sabon inji ran da wannan ya mutu, ita ce kuma zata biya in kayi kuskure irin nawa na Accord.

Tunda mun san halinmu ba wanda zai biya ba tayi, ka faɗi 95 ka san a ranka 85 ce ƙasa, in ya sauka ƙasa da nan kace albarka da fara'arka. In ya dage kuɗinsa bai kai ba, rage aikin maimakon farashin, a koma rufaffe, a cire fitila, a sa kafet maimakon leda mai ɗinki. In wani riwaya ko makaniki ne ya kawo maka shi ka sa la'adarsa cikin lissafi tun farko. Ka karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kaya gaba ɗaya kafin ka yanka komai, don akwatin da aka yi wa Golf ba lalle ya shiga Camry ba, in mai shi ya gudu ya bar maka kaya ne. Ka gaya masa farashin nan na sati ɗaya ne saboda yadda kaya ke tashi. Masu zuwa su ce ka rubuta musu awo kawai zasu kai wa kafintansu, suma ka caje su, lissafin nan shi ne sana'ar.

Ka rubuta masa a WhatsApp abinda kuɗin ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba. Haɗa waya aiki ne daban da kuɗinsa, kuma a nan rigima tafi tashi, akwati lafiya amma sifika ta ƙone ace kai ne. Ka duba RMS kawai, wato ƙarfin wutar da sifika ke iya ɗauka a kai a kai, dubunnan wat ɗin da ake bugawa a jikin kwali talla ce. Ufa mai koyil biyu na 4 ohm in ka haɗa su kai da kai ta zama 2, in ka jera su ta zama 8, ka tabbata amfilifayar na ɗaukar wanda ka zaɓa. Fis ya zauna kusa da batir, kar ya wuce santimita 45. Matatar sama, wato saitin amfilifaya da ke hana siririn amo kaiwa ga ufa, ka ajiye ta a wajen 80 Hz, in mai bututu ne kuma dole ka kunna matatar ƙasa, mai tare amon da yayi ƙasa sosai, ka saita ta ƙasa kaɗan da amon bututun, kamar 28 zuwa 30 ga wanda aka saita a 35, saboda ƙasa da amon bututu akwatin baya riƙe fatar ko kaɗan. Garantinka a kan akwati yake, in ya buɗe ko yayi yoyo ka gyara kyauta, amma wanda ya koma gida ya murɗe maɓallin amfilifaya ƙarshe har koyil yayi ƙauri wannan shi da aljihunsa, ni har hoton saitin nake ɗauka a gabansa.

Ranar ɗauka ka ɗaure akwatin da ƙarfe ko bel a jikin mota, abu mai sama da kilo 20 in aka taka burki da ƙarfi ba ƙaramin haɗari bane musamman a Golf da Sienna da ba bango tsakanin but da mutane. Ka gwada fuskantar da shi baya wajen murfin but, a yawancin ƙananan motoci nan yafi bada nauyin sauti, amma ka juya ka ji da kunnenka. Sannan ka rufe but ka zagaya bayan motar da kiɗan a kunne, kusan kullum zaka ji lambar mota na karkarwa, ka kwance ta ka liƙa mata ɗan soso a baya ka mayar kafin mai motar ya iso.